Ƙwayar maganaɗisun da ke kaɗawa sau biliyoyi a daƙiƙa, da abin da ya hana ta shiga wayarka

Duk na'urar da ke aika saƙo ta iska, wayar salula ce ko rediyo ko akwatin Wi-Fi, akwai wani sashe a cikinta da ba shi da aiki sai kaɗawa. Yana kai-komo da wutar lantarki a kan mita ɗaya tak (mita a nan ita ce yawan kaɗawa a daƙiƙa), sai a ɗora murya ko rubutu a kan wannan kai-komon a tura. Wi-Fi na gida yana kan gigahaz 2.4, wato kaɗawa biliyan 2 da miliyan 400 a kowace daƙiƙa. A cikin guntun silikon na waya, ana samar da wannan ne da tiransistoci da ma'ajin caji da wata naɗaɗɗiyar waya. Tiransista ta yi ta ƙanƙancewa shekara da shekaru, amma naɗaɗɗiyar wayar nan ta kafe. Faɗinta yakan kai maikuromita 100 ko fiye, ita kaɗai ta cinye filin da dubban tiransistoci za su zauna.

Shi ya sa hankalin injiniyoyi ya tashi a 2003, lokacin da masu bincike a jami'ar Cornell ta Amurka, ƙarƙashin Dan Ralph da Robert Buhrman, suka nuna wani ɗan ginshiƙi mai tsawon nanomita 130 da faɗin 70. In ka jera irinsa ɗari biyar, da ƙyar su kai kaurin silin gashi. Fallaye ne na ƙarfe aka ɗora ɗaya kan ɗaya: kobal mai kauri, jan ƙarfe, sannan kobal siriri. Suka zura masa wuta miƙaƙƙiya irin ta batir, wadda ba ta kai-komo, sai ga shi yana fitar da sigina mai kaɗawa sau biliyoyi a daƙiƙa. Babu naɗaɗɗiyar waya, babu abin da ke motsi da za a iya taɓawa. Kuma in aka ƙara wutar ko aka rage, mitar ta sauya.

Yau fiye da shekara ashirin ke nan, kuma babu wayar da ke aljihun kowa da ke amfani da shi. Dalilin yana cikin yadda abin yake aiki, don haka sai mun shiga ciki.

Ilektiron yana da caji, kowa ya san wannan, shi ne tushen lantarki. Amma yana da wata ɗabi'a ta biyu da masana ke kira sifin, wadda ta mai da kowane ilektiron ɗan ƙaramin maganaɗisu mai fuskantar wani gefe. A cikin jan ƙarfe, ilektironin da ke gudu kowa da inda ya fuskanta, sai su kashe juna. A cikin baƙin ƙarfe ko kobal ko nikel kuwa, masu fuskantar gefe ɗaya sun fi yawa, kuma sun fi samun sauƙin wucewa. Ke nan wutar da ta ratsa fallen kobal tana fitowa a tace, akasarin ilektironinta sun fuskanci inda maganaɗisun fallen ya fuskanta.

A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano abin da ke faruwa in aka haɗa fallaye biyu masu maganaɗisu da wani siririn ƙarfe a tsakani. In fallayen sun fuskanci gefe ɗaya, wuta tana wucewa cikin sauƙi. In sun juya wa juna baya, turjiya, wato tirjewar da ƙarfe ke yi wa wutar da ke wucewa, tana hawa. A gwajin Fert da fallayen baƙin ƙarfe da kuromiyam a tsananin sanyi, turjiyar ta faɗi da kusan rabi da aka jera su. Kamfanin IBM ya sa wannan a allurar karanta faifan ajiyar kwamfuta a 1997, su kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2007. A nan maganaɗisu ne ke juya akalar wuta.

A 1996 John Slonczewski na IBM da Luc Berger na jami'ar Carnegie Mellon suka kawo lissafin da ya ce abin yana iya juyewa, wuta ta juya akalar maganaɗisu. Hujjarsu mai sauƙi ce. Ilektiron da aka tace a falle na farko, in ya shiga falle na biyu da ke fuskantar wani gefe dabam, dole ya karkata ya bi na biyun. Karkatar da ya yi ba ta ɓacewa a banza, fallen ne ke karɓar turin. Turin ilektiron ɗaya ba komai ba ne. Amma in fallen siriri ne, nanomita 2 ko 3, kuma ilektironin suna kwarara ba ƙaƙƙautawa, turin yana isa ya murɗa maganaɗisun fallen gaba ɗaya. A shekarar 2000 mutanen Cornell suka nuna haka a ginshiƙi: wuta kaɗai ta kifar da maganaɗisun fallen, aka juya wutar ya dawo.

Akwai dalilin da ya sa sai a ƙanƙanin abu ake ganin wannan. Ana bukatar wuta mai cunkoson da ya kai amfiya miliyan 10 a kowace murabba'in santimita, wani lokaci ninki goma na haka. Wayar wutar gida ba ta ɗaukar ko amfiya dubu ɗaya a irin wannan faɗin. A babban ƙarfe, wannan wutar narkar da shi za ta yi. Amma in ƙofar da wutar za ta bi nanomita 100 ce, miliamfiya ɗaya ko biyu ta isa, kuma zafin yana saurin zurarewa cikin ƙarfen da ke kewaye.

To, ina kaɗawar take fitowa? Duba katantanwa in yara suka murza ta a ƙasa. Kafin ta faɗi, ba ta tsayawa ƙyam. Tana juyawa a kan tsininta, jikinta kuma yana karkata yana zagaye a hankali, yana zana da'ira a iska. Maganaɗisun falle haka yake yi in aka ture shi daga inda filin maganaɗisu yake jan sa: ba ya komawa kai tsaye, zagaye yake yi. Saurin zagayen ya dogara da ƙarfin filin, kimanin gigahaz 28 ga kowace tesla ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin filin maganaɗisu. Lev Landau da Evgeny Lifshitz sun rubuta lissafin wannan motsi tun 1935, T. L. Gilbert ya gyara ɓangaren gogayya a 1955. Gogayyar ita ce ke cinye ƙarfin zagayen, da'irar ta yi ta tsukewa, cikin 'yan nanodaƙiƙa ya lafa.

Turin da wutar ke kawowa yana iya zuwa daidai kishiyar wannan gogayya. Sai a shirya abin ta yadda filin maganaɗisu na waje yana jan fallen gefe ɗaya, wutar tana tura shi ɗaya gefen. In filin ba shi da ƙarfi, wutar ta yi nasara, fallen ya kife, shi ke nan. In filin ya yi ƙarfin da fallen ba zai iya kifewa ba, wutar kuma ta hana shi kwanciya, sai ya maƙale a tsakani yana zagaye. Abin da gogayya ta cinye a kowane zagaye, wutar ta mayar. Katantanwa ce da ake ta murzawa ba a bari ta gaji. Kuma da yake turjiyar ginshiƙin tana hawa da sauka gwargwadon kusurwar da ke tsakanin falle mai zagaye da falle kafaffe, ƙarfin wutar da ke bakin ginshiƙin ma hawa da sauka yake yi a kan mitar zagayen. Siginar ke nan.

Kife da zagaye, ashe, 'yan uwa ne ciki ɗaya. Kifewar ita ce ta zama ma'ajiyar bayanai da ba ta mantuwa in an ɗauke wuta: kamfanin Everspin ya fara fitar da samfurinta a 2012, Samsung ya fara ƙera ta da yawa a 2019. Ɗan uwan mai zagaye shi ne ya tsaya a ɗakin gwaji.

A ɗakin gwajin, abin kallo ne. Ana ɗora ɗan guntun silikon tsakanin bakuna biyu na wani katon maganaɗisun lantarki mai nauyin da mutum ɗaya ba ya ɗagawa. A sauke wata allura mai tsini uku a kan filayen zinariya da ake iya gani da madubin ƙara girma, don shi ginshiƙin kansa wannan madubin ba ya nuna shi. Waya ɗaya ce ke kai wuta ta kuma dawo da sigina, sai wani ɗan akwati ya raba su, siginar ta bi ta na'urar ƙara ƙarfi zuwa allo. Da farko layi ne a kwance, sai 'yar hayaniya. Ana ƙara wutar kaɗan-kaɗan, sai wani tsini ya ɓullo daga layin. A ƙara, tsinin ya yi tsawo ya matsa gefe. A ƙara kuma, wani lokaci ya rabu biyu, ko ya yi tsalle zuwa wata mitar dabam ba sallama. A 2004 William Rippard da abokan aikinsa a hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, da ke Boulder a jihar Kolorado, suka yi amfani da 'yar mahaɗa mai faɗin nanomita 40 a kan shimfiɗaɗɗen falle, suka samu mita daga gigahaz 5 har kusan 40. Babu naɗaɗɗiyar wayar da za ta ba ka wannan faɗin zango ita kaɗai.

Matsala ta farko ita ce rauni. A ginshiƙin da duk ƙarfe ne, turjiyar ba ta sauyawa da ko om ɗaya cikakke (om shi ne ma'aunin turjiya), sai siginar ta fito da ƙarfin da bai kai nanowat ɗaya ba. Rediyon waya yana son abin da ya kusanci miliwat, wato ninki miliyan. An rage wannan giɓin da aka cire jan ƙarfen tsakiya aka sa wani shinge da ba ya ɗaukar wuta, magniziyam oksayid, mai kaurin kusan nanomita ɗaya. Ilektiron yana ratsa shi ne ta wata ɗabi'a ta kimiyyar kwantam, kuma shingen yana tace sifin sosai. A 2004 Stuart Parkin a IBM da Shinji Yuasa a cibiyar AIST ta Jafan suka nuna turjiya tana iya ninkawa har uku da wannan shinge. Daga nan ƙarfin siginar ya hau zuwa maikurowat, a 2016 ma masu bincike a AIST suka haura maikurowat 10. Sai dai shingen ba ya jure wahala: in aka matsa masa wuta ya wuce kima, hujewa yake yi, na'urar ta mutu.

Matsala ta biyu ita ce zuciyar lamarin, kuma a ganina ita ce ta yanke hukunci. Me ya sa mitar ke sauyawa in an ƙara wuta? Saboda wuta mai yawa tana faɗaɗa da'irar zagayen, kuma in da'irar ta faɗaɗa, filin da maganaɗisun ke ji daga jikinsa ya sauya, saurin zagayen ya sauya. Faɗin da'ira da mita a ɗaure suke. Wannan shi ne baiwar da aka yi ta yaba wa. Amma zafi ma yana taɓa da'irar. Ƙwayar maganaɗisu mai wannan ƙanƙanta, ɗumin ɗaki kawai ya isa ya riƙa zungurar ta, da'irar ta faɗaɗa ta tsuke ba tsari, kuma duk zungura ɗaya tana zama sauyin mita. Maimakon siririn tsini a allo, sai ka ga tudu mai faɗin megahaz goma ko ɗari. Mai sadarwa kuwa tsayayyiyar mita yake so, don tashoshi a manne da juna suke, in taka ta yi yawo ka shiga gonar maƙwabci. Andrei Slavin da Vasil Tiberkevich sun shimfiɗa lissafin wannan dalla-dalla a ƙarshen shekarun 2000, kuma abin da lissafin ya nuna ba daɗi: ƙofar da sauƙin juya mita ke shigowa, ta nan hayaniyar ma ke shigowa. Ba za ka toshe ɗaya ka bar ɗaya ba.

An nemi mafita ta hanya biyu. Ta farko, a sauya irin zagayen. In fallen ya ɗan yi kauri kuma da'ira ce mai faɗin nanomita ɗari uku ko huɗu, maganaɗisun ba ya fuskantar gefe ɗaya, naɗewa yake yi ya kewaye tsakiya, da wata 'yar cibiya da ke kallon sama ko ƙasa. Wuta tana sa cibiyar ta riƙa kewaya tsakiyar da'irar. An nuna wannan a Cornell a 2007. Siginar ta fi tsabta nesa ba kusa ba, faɗin tsinin yana sauka ƙasa da megahaz ɗaya, amma an biya da sauri: mitar ba ta cika wuce gigahaz ɗaya ko biyu ba.

Ta biyu, a haɗa su da yawa su kaɗa tare. Tun 1665 Christiaan Huygens ya lura cewa agogunan lilo biyu da ke rataye a katako ɗaya suna daidaita bugunsu da kansu. A 2005 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a NIST ɗaya a kamfanin Freescale, suka nuna mahaɗai biyu a kan falle ɗaya suna kulle da juna, igiyar sifin da ke ratsa fallen ita ce katakon da ya haɗa su. Ribar babba ce. In goma suka kulle, ƙarfin siginar yana iya ninkawa ɗari, faɗin tsinin kuma ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma, don zungurar da zafi ya yi wa ɗaya, sauran tara suna jawo shi ya dawo layi. Amma daga biyu zuwa da yawa aka sha wuya. Sai da aka sauya salon gini. A 2012 aka nuna cewa ba lallai wuta ta ratsa fallayen daga sama zuwa ƙasa ba: in ta bi a kwance cikin ƙarfe mai nauyi kamar filatinam ko tantalam, ƙarfen da kansa yana ware ilektironi, masu sifin ɗaya su yi sama, masu ɗayan su yi ƙasa, sai fallen maganaɗisun da ke manne a sama ya sha turin. Falle biyu kawai, sai a matse hanyar wutar a wuri ɗaya kamar ƙugu. Da wannan salo, ƙungiyar Johan Åkerman a jami'ar Gothenburg ta Suwidin ta kulle tara a jere a 2017, sannan 64 a 2020, takwas sau takwas.

Kafin a kai nan, su ma masu silikon ba barci suke yi ba, abin da suke da shi yana aiki, yana da araha, kuma ba ya bukatar maganaɗisu a gefe. Sai tambayar ta sauya. Maimakon a tilasta wa na'urar ta zama abin da ba ita ba, wane aiki ne ke son abu mai saurin karkata da saurin bin na kusa da shi?

Amsar da ta fi jan hankali ta fito daga ɗakin binciken haɗin gwiwa na cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, CNRS, da kamfanin Thales a kusa da Faris, ƙarƙashin Julie Grollier. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ba sa mayar da amsa daidai gwargwadon abin da aka ba su, kuma suna riƙe ɗan abin da ya wuce na ɗan lokaci. Na'urar nan ma haka take: girman kaɗawarta ba ya bin wuta ƙafa da ƙafa, kuma in wuta ta sauya tana ɗaukar ɗaruruwan nanodaƙiƙa kafin ta zauna. A 2017 suka ɗauki guda ɗaya mai cibiya, faɗinta nanomita 375, suka riƙa zuba mata muryoyin mutane suna faɗar lambobi daga 0 zuwa 9, an mayar da muryoyin wuta mai hawa da sauka. Ita kaɗai ta yi aikin jijiyoyi 400, ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon ya kai kashi 99.6 cikin ɗari. A 2018 suka haɗa huɗu, suka koya musu bambance wasula bakwai ta hanyar duba wace ta kulle da siginar da aka zuba musu.

A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara da kanun labarai. Wannan kashi 99.6 an same shi ne bayan an fara tace muryar da wata manhaja mai kwaikwayon kunnen mutum, kuma manhajar ita kaɗai tana kai sama da kashi 90. Shirya bayanan da haɗa amsar ƙarshe duk kwamfuta ta yau da kullum ce ta yi. Inda aka fi ganin hannun na'urar shi ne da aka yi amfani da tacewa mai sauƙi: ba tare da ita ba sakamakon bai wuce na mai cankar amsa ba, da ita ya hau zuwa kusan kashi 80. Wannan hujja ce mai kyau cewa dabarar tana aiki. Ba kwamfuta ba ce tukuna, kuma tsakanin huɗu da miliyoyin da ƙirƙirarriyar basira ke bukata akwai tafiya.

Akwai kuma juya aikin: a ba na'urar siginar iska, ta mayar da ita wuta miƙaƙƙiya. An gano wannan a Jafan a 2005. A 2021 masu bincike daga jami'ar ƙasa ta Singafo da jami'ar Tohoku suka jera takwas, suka tsinci siginar gigahaz 2.4, suka cika ma'ajin caji na daƙiƙa 5, ya kunna ɗan ƙwan fitila na minti ɗaya. Ba zai caja waya ba, amma ƙananan na'urorin awo da ke shan wuta kaɗan suna iya rayuwa a kai.

Inda aka fi kusa da kasuwa shi ne faifan ajiya. Don a cusa bayanai da yawa, dole ƙwayoyin maganaɗisun faifan su ƙanƙance, don kada zafi ya goge su kuma dole su yi tauri, in sun yi tauri allurar rubutu ta kasa juya su. A 2008 Jian-Gang Zhu na Carnegie Mellon ya kawo shawarar a dasa na'urar kaɗawa a bakin allurar, ta girgiza ƙwayar a kan mitarta har ta yi laushi, sannan a rubuta. Western Digital ya yi shelar bin wannan hanya a 2017, daga baya ya fito da wata dabara mai sauƙi. Toshiba ya fitar da faifai mai terabait 18 a 2021 da ke da irin wannan fallaye a allurarsa, amma aikinsu a can karkatar da filin rubutu ne zuwa faifan, ba girgiza ƙwayoyin ba. Seagate kuwa zafin leza ya zaɓa, ya kai terabait 30 da shi.

Abubuwa biyu suka rage masu wuya. Akasarin na'urorin da suka ba da sakamako mai kyau suna bukatar filin maganaɗisu daga waje, wato ɗigon nanomita 100 yana jingine da ƙarfen da ya cika tebur. An ƙera waɗanda ke kaɗawa ba tare da shi ba, ta hanyar sa falle ɗaya ya kalli sama ɗayan ya kwanta, amma yawanci mitarsu ƙasa take. Na biyu, rashin daidaito wajen ƙira. Bambancin 'yan nanomita a gefen ginshiƙi ya isa ya raba mitar biyu da aka yanka daga faranti ɗaya, kuma in ratar ta yi yawa ba za su kulle ba. Abin da ke gefensu shi ne masana'antun da ke ƙera ma'ajiyar nan mai kifewa sun riga sun iya shimfiɗa kobal da baƙin ƙarfe da magniziyam oksayid a kan farantin silikon mai faɗin milimita 300, kuma fallayen kusan iri ɗaya ne. Injinan suna nan. Abin da babu shi ne aikin da silikon ya gaza yi har mai masana'anta ya yarda ya ware wa na'urar layi.